Kaset ɗin da Kawu Bai Taɓa Bari Ya Ƙare Ba

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, wannan ba mai musu. Amma abin da ke cin raina har yau shi ne Kawu ya cika ba na gida. Ina ƙetaren gulbi, a Gaya, durƙushe gaban wani tsoho mai taurin kai, ina roƙonsa ya taso mu tafi. Kafin mu samu jirgin da zai maido mu Malanville an yi wa Kawu wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Na shigo unguwa da zane jiƙe har gwiwa, na tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza suna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a ƙafafunsu.

Na sha zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Kawu ba. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka yi tsit kamar yadda aka saba. Sai wani makiyayi da ya zo daga wajen Guéné, dattijo da furfurarsa, ya gyara murya ya kwaikwayi Kawu: "Dogo, in yunwa ta kashe ni, da sunanka zan tashi ranar ƙiyama." Tabarma gaba ɗaya ta kwashe da dariya. Wani ɗan dako ya ba shi amsar da ke biye, wani mai kabu-kabu ya ɗora da ta gaba, haka suka yi ta miƙa wa juna har muryar makiyayin ta karye, ya ja rawani ya rufe fuska. A cikin gida ma haka. Wata tsohuwa Badanda, mai sayar da kifi, ta riƙe hannun Innata tana kuka tana cewa rabin Hausar da take ciniki da ita a bakin Kawu ta koya, ta bayan zana.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, bai kuma yi kuka ba: tsohon da na ƙetaro da shi. Shi ne taubashin Kawu, ɗan gwaggonsa, mu kuma Baba na Gaya muke ce masa. Ya zauna can gefen tabarma, duk wanda ya zo yi masa gaisuwa sai ya miƙa hannu kawai, idonsa na kan wata rumfa da ke jingine da katangar gidanmu. Manya sun san dalili. Yara ba su sani ba, kuma don su nake wannan rubutu, domin su Kawu tsoho kawai suka tarar da shi, mai zama da rediyo a ƙofar gida, rumfar kuwa wurin ajiyar albasata suka san ta.

Kawu yayan Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a gidansa na tashi. A wannan rumfa yake nuna fim tun kafin a haife ni. Tele ɗaya ce, da na'urar kaset, da injin wuta mai tari kamar tsohon jaki. Ya ɗinke buhuna ya rufe ko'ina don a samu duhu, saboda da rana yake nunawa, ranakun kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye suka sayar da abin da suka kawo suna jiran rana ta yi sanyi. Yana da finafinai iri-iri, na rawa da waƙa, na masu faɗa da ƙafa. Amma ranar da kasuwa ke tashi fim ɗaya ne ake nunawa, kuma ba mai neman wani: tsohon fim ɗin kaboyi na 'yan fashi biyu.

Kawu bai san ko kalma ɗaya ta Turancin da suke yi ba. Wannan bai taɓa damunsa ba. Yakan rage muryar tele, ya zauna kan kujerarsa a gefe, ya riƙa yi musu magana da bakinsa, Hausa da Dandanci a haɗe, in makiyaya sun yi yawa ya jefa musu 'yar Fulatancin da ya tsinta a kasuwar dabbobi. Shi ya raɗa musu suna. Dogo da Mai Gemu. Shugaban masu bin su da bindiga kuwa kwamandan jandarma ne, attajirin da suke kwashe wa dawaki kuma Alhaji. Kuma tun farkon fim yakan sanar da jama'a cewa waɗannan biyun taubasai ne, kada wani ya ji suna zagin juna ya ɗauka faɗa suke yi.

Mu mata ba ma shiga rumfa. Amma zana ce kawai tsakaninta da wurin da muke daka da girki, don haka duk macen da ta taɓa zama a gidanmu ta haddace fim ɗin nan ba tare da ta ga fuskar Dogo ba. Na san inda dokin Mai Gemu ke ɗingishi, na san inda suke raba ruwan gora ɗaya suna gardamar wanda ya fi kurɓa, na san inda Dogo ke cire takalminsa ya ba Mai Gemu yana cewa ba don so ba ne, don warin ƙafarsa ya dame shi. Innata takan tsaya da taɓarya a sama tana jiran wurin da take so. Sau da yawa tuwo ya kama a tukunya saboda waɗannan ɓarayi.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa mutanenmu suka rungumi fim ɗin nan haka. Makiyaya dai dawaki suke kallo, suna musu kan wanda aka fi kiwatawa, kuma ƙasar da ke ciki busasshiya ce irin wadda suka sani, da rijiya mai nisa. 'Yan dako suna jin daɗin ganin Alhaji yana kumfar baki. Amma a ganina abin ya fi haka. Mu mutanen bakin iyaka ne, tun da muka buɗe ido wani ke tsayar da mu a hanya yana tambayar takarda da abin da ke cikin buhu. Sai ga mutum biyu, ba gida, ba gona, ba mai tambayarsu, abin da suka mallaka shi ne junansu. Tun safe har dare suna cacar baki, amma ɗaya ba ya kai loma baki sai ya ga ɗayan ya samu. Wa zai ƙi kallon wannan?

Limamin wancan lokaci bai so abin ba. Ya taɓa tare Kawu a ƙofar masallaci ya ce yana koya wa mutane son ɓarayi. Suka yi sa-in-sa har aka taru. Abin da Kawu ya ce masa ya zama abin faɗa a unguwa: "Liman, ba sata sunka zo kallo ba, kowa nan ya san ɓarawo. Amana sunka zo kallo, ita ta ba a gani kullum." Duk da haka ya yi wa liman kara. Daga ranar, da an kira la'asar sai ya tsayar da kaset ko da Dogo na tsakiyar harbi, ya ce ɓarayi ma su huta, kowa ya je ya yi salla, wanda bai je ba kuma ba zai dawo masa rumfa ba. Liman ya samu sahun da bai taɓa samu ba, ya daina magana.

Kuma ba ya korar kowa. Makiyayin da ya yi kuka a wurin makoki ya gaya mini cewa shekarar da shanunsu suka mutu, ya zo kasuwa hannu banza ya raɓe a bakin rumfa yana saurare. Kawu ya fito ya ja shi ciki yana masa faɗa, wai tsayuwarsa a nan tana shigo da haske.

Akwai abu ɗaya da Kawu ke yi wanda ba wanda ya gane sai daga baya. Can wajen ƙarshe, jandarmomi sun koro taubasan nan har bakin wani gulbi. Dogo ya faɗa ruwa da dokinsa ya kai wancan gaɓa. Dokin Mai Gemu kuwa ya faɗi a wannan gefe, ƙura kuma ta taso a bayansa. Daidai nan, Dogo yana tsaye a ƙetare ruwa na zuba daga jikinsa, Kawu kan miƙa babban yatsan ƙafa ya danne na'ura. Ya ce kaset ya ƙare, bature bai aiko da sauran ba, amma shi ya san yadda aka yi. Sai ya ƙarasa da baki. Wai Dogo ya wuce, ya je ya riƙe uwar Mai Gemu da ƙannensa, bai bar su sun kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Mai Gemu ya yi zaman kasonsa ya fito. Yanzu haka suna can sun tsufa, suna cin nama suna zagin juna. Jama'a su yi tafi, a ɗaga buhu, kowa ya kama gabansa. A bencin gaba, kusa da kujerar Kawu, kullum mutum ɗaya ne ke zaune, Baba na Gaya, wanda kan ƙetaro duk ranar tashin kasuwa da kifi a hannu.

Sai da na girma Innata ta ba ni labarin da ke ƙarƙashin wannan. Suna samari, Kawu da Baba na Gaya fasa-ƙwauri suke yi. Baba ɗan masunta ne, jirgi a hannunsa kamar cokali, Kawu kuma ya san 'yan kasuwa. Suna ƙetarar da atamfa ta inda ba 'yan duwan masu karɓar harajin kaya. Wata rana aka rutsa da su a bakin ruwa. Baba yana cikin jirgi, Kawu yana tudu da kaya a ka. Baba ya tura jirgi ya tsere, aka kama Kawu, aka kai shi kaso ya yi shekaru. A lokacin kakanmu ya rasu, gidan ba namiji, daga Kaka sai Innata da ƙannenta ƙanana. Baba na Gaya ne ya riƙe su. Shi ke kawo hatsi da kifi, shi ya yi musu yaɓe da damina ta zo, kuma da Kaka ta rasu Kawu yana tsare, shi ya shiga kabari ya karɓe ta. Innata takan ce duk naman da ke jikinta na kifin Baba ne.

To amma su taubasai ne, kuma duk wanda ya san taubasantaka ya san ba a maganar gaskiya tsakaninsu da fuskar gaskiya. Komai sai an naɗe shi cikin ba'a. Da Kawu ya fito daga kaso, gaisuwar farko da ya yi masa ita ce "matsoraci". Baba ya ce gara matsoraci da wawan da aka kama a tudu kamar tarwaɗa. Haka suka ci gaba har gemunsu ya yi fari. Baba ya shigo, Kawu ya ce a riƙe masa ƙafa kada ya gudu. Baba ya ce a duba ko akwai jandarma kusa, don in akwai Kawu zai kai kansa. Kowa ya yi dariya. Kalmar godiya kuwa ba ta taɓa fitowa daga bakin Kawu ba, sai dai wadda yake sa wa Dogo duk mako, a gaban jama'a, shi kuma Baba yana bencin gaba yana gyaɗa kai.

Ɗan Kawu ne ya ɓata komai, kuma ba da mugun nufi ba. Shi taubashina ne, na san halinsa, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ya dawo daga Cotonou da babbar salula, lokacin rumfa ta fara mutuwa don kowa ya samu abin kallo a aljihunsa. Ya nemo fim ɗin a ciki, cikakke. A wurin wani suna, bayan an ci an sha, ya ce bari ya nuna wa dattawa cewa babansa ya yi shekaru yana yi musu ƙarya. Suka kewaye shi suna dariya, Baba na Gaya yana cikinsu. Ashe kaset bai ƙare a bakin gulbi ba. Dogo ya waiwayo ya ga Mai Gemu a ƙasa, ya juya doki ya sake faɗawa ruwa, ya dawo ya tsaya kusa da shi. Aka harbe su tare.

An ce ba wanda ya kalli Baba, kuma wannan rashin kallon ne ya fi komai ciwo. Wani marar azanci ya ce, ai haka aboki na gaske yake yi. Baba ya tashi ya ɗauki sandarsa ya nufi gadar da ke ƙetarawa Gaya, ko sallama bai yi ba. A ransa, kamar yadda na ji daga bakinsa daga baya, abu biyu ne suka tsaya. Na farko, duk "matsoraci" da Kawu ya taɓa ce masa ashe da gaske ne. Na biyu, Kawu ya ɓoye ƙarshen fim ne don yana jin tausayinsa, kamar yadda ake ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa.

Kawu ya kusa tsine wa ɗansa. Ya rufe rumfa, ya ce in zuba albasata a ciki. Sannan ya yi kuskuren da ba mai yin irinsa sai taubashi. Ya sa aka kira masa Baba a salula don ya ba shi haƙuri, Baba ya ɗauka, abin da ya fara fitowa daga bakin Kawu shi ne, "Kai matsoraci, ka sake gudu?" Ina tsaye a wurin. Na ga yadda fuskarsa ta yi da ya ji an kashe. Bai san wata hanyar yi masa magana ba, tun suna tsirara a bakin ruwa da wannan harshe suke magana. Ya sake gwadawa lokacin bikin salla, ya aika masa da goro da saƙon cewa ya ci ya samu ƙarfin gudu. Goron ya dawo yadda aka ɗaure shi. Na yi masa faɗa, na ce Kawu, mutumin nan ciwo yake ji, kai kuma gishiri kake aika masa. Ya ce to me zan ce masa? Na ce ka ce ka gode. Ya dube ni kamar na ce ya fita kasuwa ba wando.

Ana cikin haka aka rufe gada. Gaya da muke hangowa daga bakin ruwa ta koma kamar wata duniya. Mai son ƙetarewa sai ya bi jirgi, da layi, da bincike a kowane gaɓa, da tsada, tsoho kuwa ba ya wannan wahala sai dole. Kawu ya riƙa cewa in an buɗe gada zai je da ƙafarsa, ai zumunta a ƙafa take. Damina ta wuce, wata ta zo, ba a buɗe ba. Ƙafar da yake taƙama da ita ta kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, likita ya ce zuciya ce.

Da bazarar bana ciwon ya kwantar da shi. Ranar ƙarshe, da hantsi, ya sa aka fita aka bar ni da shi. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ba wasa a cikinta ko kaɗan. Ya ce, "Ki tahi ki hwaɗa mishi ba tausai na ba. Bature na yay yi kuskure. Da ya komo ranan nan anka kama mu tare, wa za shi ba uwata hatsi? Wa za shi sa ta kabari? Ni dai gyara him ɗin niy yi. Ki ce mishi na gode. Ki ce ya zo in hwaɗa mishi da bakina, yanzu na iya."

Na ce a kira a salula mana. Aka kira, aka sake kira, ba a ɗauka ba, don Baba ya hana mutanen gidansa ɗaukar kiran gidanmu. Innata ta ce kada in tafi, tana ganin alamun da ba ta so. Na ce in ban tafi ba wa zai tafi, ɗansa da ya haddasa abin? Na yafa mayafi na fita da gudu kamar mahaukaciya. Ban tsaya na sake kallon Kawu ba, don na ɗauka zan dawo in same shi.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran komar kamun kifi da ba mai jefa ta. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙo tun daga farko har ƙarshe. Bai ɗaga kai ba. Ya ce ya san kawuna, ba'a ce sabuwa ya ƙirƙiro, in ya je zai tarar da shi zaune da mutane suna jiran su yi dariya. Na rantse masa, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na yi kuka, ya ce in sha ruwa. A nan haƙurina ya ƙare, na manta da girmansa. Na ce ku biyu kun ishe ni, kun tsufa kuna wasan yara, mutum yana can yana jan numfashi da ƙyar kai kana nan kana ɗinkin koma. Sannan, ban san daga ina ta zo mini ba, na ɗauki muryar Kawu, wadda na sha ta bayan zana tun ina goye, na karanto masa ƙarshen fim irin na Kawu: Dogo ya wuce, ya riƙe uwar Mai Gemu da ƙannensa, bai bar su sun kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Na ce Baba, shekara nawa yana faɗin wannan a gabanka, wa kake tsammani yake yi wa?

Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon zaren. Sai ya ce, "Da bakinshi yac ce ya gode? Ba dariya?" Na ce ba dariya. Ya ce, "To lalle ciwon ya yi tsanani." Ya miƙe da sauri har ya kusa faɗuwa, ya shiga ciki yana kiran a ba shi riga da hula.

Yana cikin sa rigar salulata ta yi ƙara. Ɗan Kawu ne, kuma kukan da na ji a bayansa ya ishe ni bayani. Baba ya fito da hannu ɗaya a cikin riga, ya dubi fuskata, ya gane. Ya ƙarasa sa rigar, ya gyara hula, ya ce mu tafi ko gawarsa ya samu.

Ko wannan bai samu ba. Bakin ruwa cike yake da mutane da buhuna, ga iska ta taso, masu jirgi sun ce sai ta lafa. Na roƙi kowa. Na riƙe rigar wani mai jirgi ina cewa rasuwa aka yi mana, ya ce Hajiya, in na ɗauke ku yanzu rasuwar za ta ƙaru. Na kira gida na ce don Allah a jira mu, aka ce zafi ya yi yawa, liman ya ce ba a wuce la'asar. Na sake kira na zagi ɗan Kawu, na roƙe shi, na sake zaginsa. Baba kuwa, mutumin da a da yake ƙetare wannan gulbi kamar tsakar gidansa, yana zaune a kan buhun wani yana jiran layi. Jirginsa ya daɗe da ruɓewa. Muna iya hango bishiyoyin gefenmu. Ya yi ta buɗe hannuwansa yana rufewa, yana kallonsu. Da muka iso, ban jira jirgi ya kai tudu ba, na dira cikin ruwa. Duk ihu ne bayan hari.

Har aka yi sadakar uku ban ji Baba ya haɗa magana biyu ba. A al'adarmu taubashi ne ke sassauta makoki, shi ke tsokanar mamaci, ya ce ya tafi da bashinsa, ya ce rowa ce ta kashe shi, har masu kuka su yi murmushi. Dattawa suka yi ta satar kallonsa suna jira. Bai yi ba. Na tsorata ƙwarai, na ce a raina wannan ma binsa zai yi, kuma saƙon da na kai bai amfana wa kowa komai ba.

Da yammacin ranar, bayan mutane sun ragu, ya nemi a buɗe masa rumfa. Ni da Innata muna tsakar gida muna wanke kwanonin sadaka, daidai inda muka saba tsayawa. Muka ji ya ture buhunan albasa, muka ji bencin gaba ya yi ƙara. Tele ta daɗe da mutuwa, kujerar Kawu dai tana nan a gefe. Sai muryarsa ta ratso zana, a dushe amma da irin karin da na sani tun ina yarinya:

"To, wa yag gudu yanzu? Ka ƙetare ka bar ni bakin gaɓa, ko waiwaye babu. Matsoraci."

Sannan ya dakata, daidai gwargwadon da yakan bari don Kawu ya rama. Na san amsar da Kawu zai bayar, tana kan harshena, har na buɗe baki. Innata ta riƙe mini hannu da nata mai kumfa, ta girgiza kai. Muka tsaya mu uku, shi a can mu a nan, muna sauraron wurin da muryar Kawu ya kamata ta shigo.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa fasa-ƙwaurinsa da ƙaryar da ya yi wa garin nan don ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da uwarsa da bai samu binnewa ba. Mu da muka rage, Allah ya ba mu bakin faɗin abin da ke ranmu tun mai ji yana ji.

Baba bai koma Gaya ba. 'Ya'yansa sun zo ɗaukarsa, ya ce wannan karon ba inda za shi. Na kwashe albasata na kai wani wuri. Duk ranar tashin kasuwa, bayan la'asar, yakan shiga rumfa ya zauna a bencin gaba, mu kuma muna jinsa ta bayan zana yana zagin Kawu, yana dakatawa, yana sake zagi.